Kuɗin Fito A Kan Kwalta

Tun ran 4 ga watan Fabrairu na 2025, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta soma karɓar kuɗi daga hannun masu motoci a kan hanyar da ta tashi daga Abuja ta bi ta Kefi da Akwanga da Lafiya ta faɗa Makurɗi, maganar shingen biyan kuɗin hanya, watau abin da direbobi ke kira tolget, ta sake dawowa bakin jama'a bayan shekara 21 da rushe irin waɗannan shingaye. A ranar da aka buɗe, an yanka wa ƙaramar mota naira 500, jif naira 800, ƙaramar bas naira 1,000, manyan motoci kuwa naira 1,600, kuma shingayen guda huɗu ne a kan hanya mai tsawon kilomita 227. Hujjar da aka bayar ita ce akwai bashin dala miliyan 460 da ɗoriya da aka ciwo daga wani bankin gwamnatin ƙasar Sin don yin hanyar, kuma da kuɗin masu wucewa za a biya shi.

Makurɗi da Azare akwai nisa, amma duk direban da ke lodi a tashar Azare yana da dalilin kasa kunne. A cikin watan Agusta na 2021 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da ƙa'idar karɓar kuɗin hanya, kuma Ministan Ayyuka na lokacin, Babatunde Fashola, ya bayyana cewa hanyoyi masu tagwaye ne kaɗai abin zai shafa, watau kilomita 5,005 daga cikin kilomita 35,000 na hanyoyin Tarayya. To, wata huɗu bayan wannan, cikin Disamba na 2021, sai aka miƙa wa jama'a sassa biyu na tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri, ɗaya daga Shuwarin zuwa Azare, ɗaya daga Azare zuwa Fataskum. Kwangila ce da aka bayar tun 2006, aka yi shekara 15 ana jan ƙafa, sai da aka haɗa da kuɗin Sukuk sa'an nan ta kai gaci. Ke nan Azare ta zama gari mai tagwayen hanya gabas da yamma, kuma ta shiga sahun wuraren da ƙa'idar ta halatta a kafa wa shinge. Bugu da ƙari, cikin hanyoyi 12 da gwamnati ta lissafa a 2021 don bai wa kamfanoni su riƙa gyara suna karɓar kuɗi, har da wasu sassa na wannan hanya ta Kano zuwa Maiduguri.

Biyan kuɗi kafin a wuce ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katagum. Tun zamanin fatauci da jakuna da takarkarai, babbar hanyar da ta haɗa Barno da Kano ta garin Katagum take bi, kuma ita ce Bature Clapperton ya biyo a 1824 daga Kukawa. Madugu ya san abin da zai ajiye a kowane gari don a bar ayarinsa ya sauka zango lafiya, in kuma an iso kogi da damina ya san kuɗin fito. Amma ɗan fito yana karɓar kuɗinka ne ya tsallakar da kai da kayanka, ka ga abin da ka saya da idonka kafin ƙafarka ta bushe. Da Turawa suka ci ƙasa, Gwamna Lugga ya ɗora wa fatake nasa harajin, kashi 5 cikin 100 na darajar kaya a kowane lardi da aka ratsa har zuwa larduna uku, yana cewa ladan tsare hanya ne da gyaranta. Fatake suka yi ta kuka, kamfanonin Turawa ma suka ga abin yana taɓa cinikinsu, aka soke harajin a 1907. Daga baya gadon sarauta ya tashi daga Katagum ya koma Azare, hanyar mota ma ta bi sawu, tsohon birnin Malam Zaki ya koma gefe, kimanin kilomita 70 arewa da kwaltar da ake magana a kanta.

Masu goyon bayan dawo da shingaye suna kawo hujja biyu, kuma sau da yawa suna cuɗa su wuri guda. Ta farko, wai kuɗin hanya yana rage cunkoson motoci, kamar yadda ake gani a ƙasashen da suka ci gaba. Ta biyu, wai da shi ne za a riƙa gyara hanya kada ta mutu. Ya kamata a raba su, domin kowace da nata hukunci.

Abin da ake yi a Amurka, wanda aka fi kafa hujja da shi, ba shinge ba ne da ke tare kowa da kowa. Hanya ce mai layuka da yawa, sai a ware ɗaya ko biyu a tsakiya a ce wannan na kuɗi ne, sauran kuwa kyauta, mai gaggawa ya biya ya wuce, marar gaggawa ya bi sahu. An fara irin wannan a jihar Kalifoniya cikin Disamba na 1995, a kan wata hanya mai lamba 91, tsawon mil 10. Babu ɗan karɓar kuɗi, babu tsayawa, wata 'yar na'ura ce manne a gilashin mota ake cire kuɗin ta cikinta. Sirrin abin yana ga farashi, domin ba a tsaye yake ba. Da sassafe da yamma, lokacin tafiya aiki da tashi, sai kuɗin ya hau, da tsakar dare kuwa ya faɗi ƙasa warwas. Dalili shi ne hanya kamar bakin tulu take: in an zuba ruwa a hankali ya shige duka, in an kwarara gaba ɗaya ya tushe ya malale. Muddin motoci suna tafiya da tazara, layi guda yana iya wuce da motoci masu yawa a cikin sa'a ɗaya, amma da zarar sun cushe aka shiga taka birki, sai yawan masu wucewar ya ragu. Saboda haka ake tsauwala kuɗin daidai gwargwadon da zai kori wasu, layin ya zauna a buɗe.

Shin yana aiki? Ga wanda ya biya, ƙwarai kuwa, yana isa inda za shi a kan lokacin da ya ƙiyasta. Ga wanda bai biya ba, sauƙin da yake samu na ɗan lokaci ne. A birnin Hustan na jihar Tekzas an faɗaɗa wata babbar hanya mai suna Katy aka gama a 2008, har a wani wuri ana ƙirga layuka 26 in an haɗa da na gefe, aka kuma sa na kuɗi a tsakiya. Ba a yi shekaru masu yawa ba cunkoso ya dawo layukan kyauta, domin waɗanda dā suke kauce wa hanyar sun ji labarin ta buɗe sun dawo, wasu kuma sun gina gidaje can nesa da gari saboda ita. Wasu masana tattalin arziki biyu, Duranton da Turner, sun bi lissafin biranen Amurka na shekaru suka wallafa a 2011 cewa kusan duk yadda aka ƙara tsawon layukan hanya, haka tafiyar motoci ke ƙaruwa ta cinye ƙarin. Farashin kuma ba shi da kunya. Cikin Disamba na 2017, a kan hanya mai lamba 66 da ke shiga birnin Washintan, kuɗin wucewa sau ɗaya ya kai dala 40 a wata safiya. Ba banza ba Amurkawa da kansu suka laƙaba wa irin waɗannan layuka sunan motar masu hannu da shuni, suna ce musu layukan Lexus.

Inda kuɗi ya rage cunkoso ga kowa da kowa, a tsakiyar manyan birane ne. Singafo ta fara tun 1975, Landan ta bi a 2003 da fam 5 a yini, Sitokholm ta gwada a 2006 motocin da ke shiga gari suka ragu da wajen kashi 20 cikin 100. Amma a waɗannan birane duk wanda kuɗin ya kora yana da jirgin ƙasa ko bas da zai hau. Mutumin Azare da zai kai marar lafiya Kano, ko ɗan tireda da zai saro kaya a Kantin Kwari, in an kore shi daga kwalta me zai hau? Babu dogo a Azare.

Ba ma a nan gizo ke saƙar ba. Duk wanda ya bi tagwayen hanyar nan ya san cewa tsakanin Jama'are da Azare, ko tsakanin Azare da Bulkacuwa, babu wani cunkoso da za a ce ana neman maganinsa. Abin tsoro a can gudu ne da barcin direba da dabbobi masu tsallaka titi. Cunkoson yana cikin gari: bakin kasuwa ranar da take ci, inda masu talla da masu a-daidaita-sahu suka cinye rabin kwalta; bakin tasha, inda ake lodi a kan titi; wuraren da tireloli ke kwana a gefen hanya don babu filin da aka tanadar musu. In an doshi Kano kuwa sai Wudil ranar Juma'a, sai kuma shiga birnin ta Mariri da Hotoro. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da shinge zai warware. Hasali ma shinge wurin tsayawa ne, kuma a ƙasar nan duk inda mota ta tsaya nan kasuwa ke tsirowa, mai rake da mai ƙwai da mai ruwan leda su yi sahu, mota ta bi bayan mota. Ƙasar Gana ta ɗanɗana wannan. Cikin Nuwamba na 2021 ta dakatar da karɓar kuɗi a hanyoyinta, kuma cikin dalilan da Ministan Kuɗinta ya bayar har da cewa shingayen sun zama matattarar cunkoso da ɓata lokaci. Mutanen Ikko ma sun san dogon layin da aka riƙa yi a shingen Lekki bayan da aka soma karɓa a can cikin Disamba na 2011.

Adalci ne a ambaci inda abin ya yi kyau a nan Afirka ta Yamma. A Sinigal an buɗe hanyar kuɗi daga Dakar zuwa Diamniadio a 2013, tafiyar da takan ci wajen sa'a biyu ta koma ƙasa da rabin sa'a. Sai dai sabuwar hanya ce fil aka shimfiɗa kusa da tsohuwa, tsohuwar kuma tana nan kyauta ga wanda ba shi da hali. A hanyar Kano zuwa Maiduguri kuwa tsohuwar ce aka yi wa tagwaye, babu wata ta biyu a gefe. Wanda bai biya ba sai dai ya yi zagaye ta Misau da Kari, ko ya faɗa burji.

To, hujjar cunkoso dai ba ta da wurin zama a Azare. Saura hujjar gyara, kuma wannan tana da nauyi, bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Cikin watan Agusta na 2024, shekara uku ba ta cika ba da buɗe hanyar, ambaliya ta yanke ta tsakanin Azare da Fataskum a cikin Ƙaramar Hukumar Katagum, ruwa ya tafi da kwalta ya bar rami, motocin Yobe da Barno suka koma dogon zagaye, kuɗin mota ya tashi. Wannan hanya ita ce jijiyar arewa maso gabas. Ta kanta shanun kasuwar Fataskum ke bi, da wake da riɗi da kifi, ta kanta kuma siminti da man fetur da kayan masarufi ke komawa. Hanya irin wannan tana bukatar masu yashe kwalbatoci kafin damina, da masu cike rami tun yana kamar faifai kafin ya zama kamar rijiya, kuma wannan aiki ne na kullum da kasafin kuɗin shekara bai cika tunawa da shi ba. Gwamnatoci sun fi son yanke kirtanin sabuwar hanya, don ba a yin biki in an share magudanar ruwa.

In aka bi lissafi tsantsa, mai tirela ba zai yi asara ba in ya biya. A farashin da aka fara da shi a hanyar Makurɗi, shinge huɗu a naira 1,600 ya kama naira 6,400 tafiya ɗaya. Wannan bai kai kuɗin lita goma na man gas ba, balle a yi maganar taya ɗaya da rami zai fasa, ko sifirin da zai karye, ko kwana biyu da mota za ta yi a daji ɗauke da shanu suna rama. Direban haya da ke jigila tsakanin Azare da Kano shi ma ya san nawa yake kai wa bakanike a wata in hanya ta lalace. Ba don rashin sanin wannan lissafi mutane ke ƙyamar shinge ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Ga tarihin saran. An yi shekaru ana karɓar kuɗi a manyan hanyoyin ƙasar nan, tun daga hanyar Ikko zuwa Badun da aka buɗe a 1978, har sunan tolget ya zauna wa unguwanni a Kaduna da Badun da Ota. Hanyoyin ba su gyaru ba. A ƙarshen 2003 Shugaba Obasanjo ya ba da umarnin a rushe shingayen, bisa hujjar cewa abin da ke shiga aljihun gwamnati bai taka kara ya karya ba, ga zurarewar kuɗi, ga wahalar da matafiya. A madadinsu ya kawo harajin naira 1 da kwabo 50 a kan kowace litar mai, Ƙungiyar Ƙwadago a ƙarƙashin Adams Oshiomhole ta ja daga cikin Janairu na 2004, harajin ya sha ruwa. A 2007 aka gyara dokar hukumar FERMA, wadda aka kafa a 2002 don kula da hanyoyin Tarayya, aka ce a riƙa cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin fetur da gas, kashi 40 na abin da aka tara ya tafi ga hukumar, kashi 60 ga jihohi. 'Yan majalisa sun sha zama suna tambayar inda wannan kuɗi ya maƙale. Sa'an nan ran 29 ga watan Mayu na 2023 aka janye tallafin mai, aka ce rarar za ta tafi ga ayyukan raya ƙasa, ciki har da hanyoyi. Mutumin da aka yi wa waɗannan alkawura bi da bi, in an zo masa da na huɗu, ba laifinsa ba ne in ya nemi ganin rasit. Ko farashin kansa abin lura ne: ƙaramar motar da aka ce za ta biya naira 200 a 2021, naira 500 aka karɓa a hannunta a 2025, babbar mota kuwa daga naira 500 ta koma 1,600.

Akwai kuma shingayen da ba a rushe ba ko a 2004, waɗanda ba su da rufi ba su da rasit, sai gungume da tsohuwar taya da igiya. Direban da ya ɗauko kaya daga Fataskum zuwa kudu ya fi kowa sanin sau nawa yake miƙa hannu ta taga, wannan na jiha, wannan na ƙaramar hukuma, wannan na ƙungiya, wannan kuma ba a tambayar sunansa. In shingen gwamnati zai zo ya maye gurbin waɗannan, direbobi da kansu za su yi masa maraba. In kuwa zai zo ya zama ƙari ne a kansu, to, an ɗora wa jaki kaya an kuma hau. Kuɗin kuma ba a aljihun direba yake tsayawa ba. Mai mota ya ɗora wa ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya ɗora wa buhu, buhu ya sauka a kan mai awo da kwano.

Nan ne mutumin Katagum da Sakwa da Gamawa ya shigo cikin maganar, ko da bai taɓa mallakar ko keke ba. Hanyar da ta tashi daga Azare ta bi ta Gadau zuwa Katagum ba tagwaye ba ce, ba ta cikin lissafin shinge, kuma kwabo ɗaya na abin da kamfani zai tara a babbar hanya ba zai zo kanta ba, domin yarjejeniyar kamfani a kan tsawon da aka ba shi take tsayawa. Amma gishiri da sukari da takin zamani da ke isa kasuwar Katagum ta babbar hanya suke zuwa, shinkafa da kifin fadamar kogin Jama'are kuma ta nan suke fita. Ƙauyukan Zaki da Gamawa, waɗanda ambaliya ta sha raba su da sauran jihar kamar yadda aka gani a 2022, za su biya kuɗin hanyar da ba ta iso ƙofarsu ba.

Saboda haka abin da ya kamata wakilan ƙasar Katagum a Majalisar Dattawa da ta Wakilai su sa wa ido shi ne takardar yarjejeniya, tun kafin a kafa tubalin farko. Ta hanyar Makurɗi shekara 25 aka ƙulla, watau yaron da aka haifa ranar buɗewa zai yi aure kamfani yana karɓa. A Kalifoniya an taɓa sa hannu a kan sharaɗin da ya hana hukuma faɗaɗa layukan kyauta don kada cinikin kamfani ya ragu, sai da hukumar sufuri ta yankin ta fanshi hanyar da dala miliyan 207 da rabi a 2003 kafin ta samu kanta. A Afirka ta Kudu an ɗora wa mutanen lardin Gauteng kuɗin hanya a 2013 ba da yardarsu ba, akasarinsu suka ƙi biya, gwamnati ta haƙura ta kashe na'urorin cikin Afrilu na 2024. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: a rubuta kwana nawa rami zai yi kafin a cike shi, wa zai biya in ruwa ya sake yanke hanya, kuma a daina karɓa a duk ranar da hanyar ta yanke. A buga abin da aka tara wata-wata a jarida. A kafa ma'aunin nauyi a kowane shinge, domin tirela ɗaya da aka yi wa lodin wuce kima tana cin kwalta fiye da dubban ƙananan motoci, kuma ba daidai ba ne mai Golf ya biya ɓarnar mai siminti.

Wurin da za a dasa shingen ma magana ce babba. Ƙa'idar 2021 ta yafe wa kekuna da babura da masu ƙafa uku, ta kuma yi alkawarin rangwame ga mazauna kusa da shinge, a hanyar Makurɗi kuma an rage wa ƙananan motocin haya rabi. Amma malamin makaranta da ke kwana a Jama'are yana aiki a Azare, ko ma'aikaciyar asibitin Tarayya da ke zuwa daga Bulkacuwa, in shinge ya faɗo tsakaninsu da wurin aiki, sau biyu za su biya kowace rana, kwana ashirin da wani abu a wata. A naira 500, wannan ya haura naira 20,000 daga albashi guda, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024.